Mayoyin Dinder da Namun Dajinsu

A 1935 Turawan mulkin mallaka suka keɓe dajin Dinder na ƙasar Sudan, kimanin shekara 30 bayan Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa kusa da Sinnar. Kogin Dinder na damina ne. Yana gangarowa daga tsaunukan Habasha, da rani sai yashi da 'yan tafkuna.

Rayuwar dajin tana cikin fadamun da mutanen wurin ke kira maya. Nan ɓauna, gwanki da jimina ke taruwa, zaki na laɓe. Laka ta cike wasu, har ma'aikatan gandun suka riƙa yashe magudanansu don ruwa ya dawo. Aikin bai ceci raƙumin dawa ba, tuni ya ɓace daga dajin. UNESCO ta sanya dajin cikin jerinta na gandun halittu a 1979.