Daga Faris Zuwa Fangali: Yadda Mita Ta Shigo Lambu

Kafin juyin juya halin 1789, manomin Faransa bai da tabbacin girman gonarsa idan ya ƙetare iyakar gundumarsu. Ma'aunin fili da ake kira arpent ya kai kimanin murabba'in mita 3,400 a Faris, amma wanda hukumar gandun daji ke aiki da shi ya haura 5,100. Haka ma'aunin hatsi yake sauyawa daga wannan kasuwa zuwa waccan, kuma a wannan giɓin ne masu ƙasa da masu karɓar haraji ke cin gumin talaka.

Don magance wannan, a 1791 masanan ƙasar suka yanke cewa mita za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan 10 na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. Delambre da Méchain suka shafe 1792 zuwa 1798 suna auna ƙasa daga Dunkirk zuwa Basalona. Dokar 1795 ta kafa lita da giram da ma'aunin fili mai murabba'in mita 100, wanda ɗarinsa ke ba da hekta. Sai dai jama'a sun turje, har Napoleon ya sassauta a 1812, kuma tsarin bai zama tilas ba sai 1840.

Mulkin mallaka ya raba ƙasar Hausa gida biyu a wannan fanni. Nijar ta gaji mita da hekta daga Faransa, Nijeriya kuwa ta gaji ƙafa da yadi da eka daga Ingila, ba ta koma tsarin mita ba sai farkon shekarun 1970, lokacin da naira ta maye gurbin fam. Tsofaffin ma'aunai ba su gushe ba. Har yau fuloti ƙafa 50 ne sau 100, wato kimanin murabba'in mita 465, hatsi da mudu ko tiya ake aunawa, tsawo kuma da kamu ko taku.

Mai lambun gida shi ne ke tsakiya. Takardar iri na cewa a bar santimita 75 tsakanin kunyoyin masara da 25 tsakanin shuka. Umarnin takin zamani da na maganin feshi kuwa da hekta ake rubuta su, alhali fangalinsa bai wuce 'yan taku ba. Wanda ya ɗauki hekta daidai take da eka ya yi kuskuren ninki biyu da rabi, abin da ya isa ya ƙone tumatir ko ya bar guba a latas ɗin da iyali za su ci. Lissafin bai da wuya: kilo 100 a hekta na nufin giram 10 a kowace murabba'in mita.

Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar sun fahimci haka lokacin da suka koya wa manoman gero zuba kimanin giram 6 na taki a ramin shuka, suka kuma fassara adadin da cikin marfin kwalbar lemo. Darasin da Faransa ta ɗauki rabin ƙarni tana koyo ke nan: doka na iya kafa ma'auni, amma ba ya zama sai ya dace da hannun mai aiki. Mai lambun da ya auna takunsa da marfinsa sau ɗaya da mita da sikeli, ya mallaki ma'aunan biyu.