Sashe na 24 na Dokar Karɓar Filaye ta Indiya ta 2013

Sashe na 24 wani ɓangare ne na dokar karɓar filaye da biyan diyya ta ƙasar Indiya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2014 a madadin dokar 1894 ta zamanin mulkin Ingila. Shi ne ke fayyace ko sabuwar dokar za ta shafi filayen da gwamnati ta fara karɓa tun kafin a kafa ta. Batun na da muhimmanci ga manoma, domin sabuwar dokar na iya ba su har ninki huɗu na farashin kasuwa a karkara, da ninki biyu a birane.

Idan ba a yanke adadin diyya ba kafin 2014, da sabuwar doka za a lissafa ta. Idan an riga an yanke, tsohuwar doka ce ke ci gaba da aiki. Sai dai ƙaramin sashe na biyu ya ce idan an yanke diyyar shekaru biyar ko fiye kafin nan, amma gwamnati ba ta karɓi filin ba "ko" ba ta biya ba, karɓar ta rushe, sai a sake daga farko.

Fassarar wannan ƙaramin sashe ce ta raba kan alƙalan Kotun Ƙolin Indiya. A shari'ar hukumar birnin Pune a 2014, alƙalai uku sun yanke cewa ajiye kuɗin a baitulmalin gwamnati ba biya ba ne. Masu filaye da dama sun dogara da wannan hukunci suka shigar da ƙara. A 2018 wasu alƙalai uku suka ce an yi kuskure a hukuncin Pune.

A watan Maris na 2020, alƙalai biyar ƙarƙashin Mai shari'a Arun Mishra, a shari'ar Hukumar Raya Birnin Indore, suka soke hukuncin Pune. Sun ce karɓar ba ta rushewa sai idan abubuwan biyu sun haɗu: ba a karɓi filin ba, kuma ba a biya ba. Wanda aka miƙa wa diyya ya ƙi karɓa ba zai ce ba a biya shi ba, kuma ba a lissafa lokacin da kotu ta dakatar da aikin cikin shekaru biyar ɗin. Hukuncin ya taƙaita damar masu filaye ƙwarai.