BABI NA UKU: TARIHIN TAƘADDAMA A KAN KAMANNIN BATMAN (1939 – 2022)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi taƙaddamar da aka daɗe ana tafkawa tsakanin masoya mujallun labari cikin zane a ƙasar Amurka game da yadda ya kamata a fito da jarumin nan Batman, wato attajirin da ke shigar jemage da dare don yaƙar miyagu a birnin ƙage na Gotham. Masoyan sun kasu gida biyu. Akwai masu ganin cewa Batman mutum ne mai ɗaurarriyar fuska da ban tsoro, akwai kuma masu ganin cewa gwarzon yara ne mai fara'a da raha. Kowane ɓangare yana ikirarin cewa nasa ne Batman na asali. Manufar babin ita ce a bi diddigin wannan ikirari daki-daki, don a ga ko tarihi ya gaskata wani daga cikinsu.

3.1 Batman na Farko (1939 – 1940)

Batman ya fara bayyana ne a mujallar Detective Comics fitowa ta 27, mai ɗauke da kwanan watan Mayu na 1939. Mai zane Bob Kane da marubuci Bill Finger ne suka ƙirƙiro shi, ko da yake sai a 2015 kamfanin DC ya amince a riƙa sanya sunan Finger tare da na Kane. A fitowa ta 33 aka bayyana dalilin shigarsa wannan aiki, wato yadda wani ɗan fashi ya harbe iyayen Bruce Wayne a gaban idonsa yana yaro.

Abin lura shi ne Batman na wannan lokaci bai ɗauki rai a bakin komai ba. A labarinsa na farko ya naushi wani mugu ya faɗa cikin tukunyar ruwan guba, bai kuma nuna nadama ba. Haka nan a fitowar farko ta mujallar Batman a 1940 ya buɗe wuta da bindiga mai sarrafa kanta daga jirgin samansa. Bayan wannan ne edita Whitney Ellsworth ya hana Batman kisa da riƙe bindiga. A shekarar ce kuma aka haɗa shi da yaro mataimaki mai suna Robin don jawo hankalin yara, ciniki kuwa ya ƙaru ƙwarai. Ke nan Batman mai kisa, mai tafiya shi kaɗai, bai wuce shekara guda a duniya ba.

3.2 Zamanin Tacewa da Barkwanci (1954 – 1968)

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi mai suna Seduction of the Innocent, inda ya zargi mujallun zane da gurɓata tarbiyyar yara, har ya yi wa zaman Batman da Robin a gida ɗaya mummunar fassara. A shekarar wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka ya yi zama a kan batun. Gudun kada gwamnati ta sa hannu, sai kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu mai suna Comics Code Authority. Sakamakon haka aka sassauta labaran Batman. Aka ba shi kare a 1955, aka kawo Batwoman a 1956, aka riƙa tura shi sararin samaniya yana faɗa da dodanni. Da ciniki ya ja baya, sai edita Julius Schwartz ya karɓi ragama a 1964, ya kawar da dodannin, ya maido da aikin binciken laifi.

A daidai wannan lokaci ne muryar masoya ta fara fitowa fili, ta hanyar shafukan wasiƙu na mujallun da kuma 'yan ƙasidun da masoyan ke buga wa kansu, irin su Batmania wadda Biljo White ya fara a 1964. Saboda haka da gidan talabijin na ABC ya ƙaddamar da shirin Batman a watan Janairu na 1966, tare da Adam West, akwai mutanen da suka riga suka shirya kare jarumin nasu. Shirin na barkwanci ne da gangan, cike da launuka masu walƙiya, yara na kallonsa da gaske, manya na dariya. Ya karɓu matuƙa, an yi kashi 120 kafin a dakatar da shi a 1968. To amma masoya na gani-kashe-ni sun ɗauke shi a matsayin cin fuska, domin a ganinsu an mayar da abin da suke ƙauna abin ba'a, su ma kuma an haɗa da su.

3.3 Kiran Komawa Asali (1970 – 1989)

Bayan shirin ya tsaya cinikin mujallun ya faɗi. Daga 1970 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka ɗora aniyar mayar da Batman cikin duhun dare. Wannan yunƙuri ya kai ƙololuwa a 1986 lokacin da Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, labarin tsohon Batman ɗan shekara 55 mai zafin rai da ƙarfin tuwo. Ya kamata a lura cewa kafin wannan lokaci masu karatun su ma sun sauya. An rage sayar da mujallun a teburin 'yan jarida, an koma shaguna na musamman, waɗanda akasarin masu zuwa cikinsu samari ne da magidanta, ba yara ba.

Abubuwa biyu da suka faru a 1988 sun nuna ƙarfin waɗannan masoya. Na farko, DC ta ba da lambobin tarho biyu don masu karatu su zaɓi ko Jason Todd, wato Robin na biyu, ya rayu ko ya mutu. Masu son ya mutu suka samu ƙuri'a 5,343, masu son ya rayu 5,271, aka kashe shi da ratar 72 kacal. Na biyu, da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka fi sani da finafinan ban dariya, shi zai fito a matsayin Batman a fim ɗin Tim Burton, dubban wasiƙun ƙorafi suka kwarara zuwa kamfanin Warner Bros. Tsoronsu shi ne kada a maimaita 1966. Da fim ɗin ya fito a 1989 ya tara fiye da dala miliyan 400, da yawa daga masu ƙorafin kuma suka dawo suna yabon Keaton.

3.4 Kai-komon Finafinai (1992 – 2022)

Fim na biyu na Burton, Batman Returns na 1992, ya jawo ƙorafi daga wani ɓangaren daban, wato iyaye, waɗanda suka ce ya yi wa yara nauyi. Don haka aka miƙa aikin ga Joel Schumacher, wanda ya maido da launuka da raha a 1995 da 1997. Fim ɗin 1997 ya sha suka ƙwarai, har aka shekara takwas ba a sake fim ɗin Batman na 'yan wasa ba. Christopher Nolan ya farfaɗo da shi da finafinai uku tsakanin 2005 da 2012, inda ƙin yin kisa ya zama ginshiƙin halayyar jarumin.

A 2016 Zack Snyder ya fito da Batman v Superman, inda Batman na Ben Affleck yake hallaka abokan gaba da bindigogin motarsa da na jirginsa. A nan ne taƙaddamar ta juya. Da yawa daga waɗanda suka daɗe suna neman Batman mai duhu sai suka ce wannan ba shi ba ne, domin Batman na gaskiya ba ya kisa, alhali kuwa na 1939 ya yi. Fim ɗin Matt Reeves na 2022, tare da Robert Pattinson, ya riƙe duhun, ya kuma maido da ƙin kisa da ƙin bindiga.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, babu ɓangaren da tarihi ya ba gaskiya gaba ɗaya. Masu neman duhu sun ɗauki ban tsoron 1939, suka haɗa da dokar hana kisa wadda edita ya kafa daga baya don kare kasuwar yara. Masu neman raha kuwa suna da hujjar cewa Batman mai fara'a ya shafe kusan shekara talatin, daga zuwan Robin zuwa ƙarshen shirin talabijin, amma ba da shi aka fara ba.

Na biyu, manyan sauye-sauyen sun biyo bayan ciniki ne da matsin hukuma da kuma shekarun masu karatu. Ko ƙuri'ar 1988 ba ta ɗore ba, domin kamfanin ya dawo da Jason Todd da rai a 2005. Masoya suna da murya, amma wuƙa da nama suna hannun kamfani.

Na uku, abin da kowane rukuni yake kira asali galibi shi ne Batman ɗin da ya tarar lokacin ƙuruciyarsa, kamar yadda Hausawa ke cewa zamani riga ne. A ƙarƙashin taƙaddamar akwai tambayar da ta fi kamanni muhimmanci, wato shin labarin na yaran da aka ƙirƙiro shi dominsu ne, ko na manyan da suka girma da shi suka ƙi sakinsa. Wannan tambaya ce babi na gaba zai nazarta.