Tunani Irin Na Kwamfuta: Matakin Farko Kafin Rubuta Manhaja

Tunani irin na kwamfuta dabara ce ta tsara maganin matsala daki-daki, yadda mutum ko na'ura za su iya bin matakan ba tare da ruɗani ba. Masanin lissafi Seymour Papert ya yi amfani da lafazin a 1980, sai dai ya yaɗu ne bayan maƙalar da Farfesa Jeannette Wing ta wallafa a Amurka a 2006, inda ta nuna cewa kowane yaro na buƙatarsa kamar karatu da rubutu da lissafi.

Malamai kan kasa shi gida huɗu: farfasa babbar matsala zuwa ƙanana, gano abin da ke maimaituwa, ware bayanan da ba a buƙata, da jera matakai bi-da-bi. Wannan jeri shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

A ƙaramar sakandare akan fara da Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007. Ɗalibi yana harhaɗa tubalan umarni masu launi a allo, ya gina wasa ko labari, kuma akwai nau'inta da ke aiki ba tare da intanet ba. Daga nan sai Python, wanda ya fito a 1991, inda ake rubuta umarnin da kalmomi.

A Najeriya, hukumar NERDC ce ke tsara manhajar karatun makarantu, kuma darasin kwamfuta na cikin jarrabawar WAEC da NECO. Amma makarantu da yawa na fama da ƙarancin na'urori da wutar lantarki, har yakan zama ɗalibi ya haddace sunayen sassan kwamfuta bai taɓa ba ta umarni ba.

Wannan ƙaranci bai hana a fara ba. Shirin CS Unplugged, wanda ya faro daga Jami'ar Canterbury ta New Zealand, yana koyar da darasin da takarda kawai. Misali, a ba ɗalibai biyar katuna masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1, a ce su nuna 13. Masu 8 da 4 da 1 za su ɗaga nasu, sauran su kife. Idan ɗagagge 1 ne, kifaffe kuma 0, sun rubuta 01101, wato yadda kwamfuta ke adana 13.