Yadda Aka Yi Ta Koya Wa Mata Hakkinsu

Rido gari ne da ke kudancin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, inda Gbagyi suka daɗe da zama. Tun da aka buɗe matatar man fetur kusa da shi a shekarar 1980, sai baƙi suka yi ta zuwa neman abinci, gari ya cika da kabilu iri iri. Matan talakawa na irin waɗannan unguwanni, masu tuyar ƙosai da sayar da itace, sau da yawa in miji ya mutu ko aure ya ƙare sukan fita hannu banza, alhali kuwa shari'a ta yanka musu rabo. Rashin sani ne ya ke cutarsu, kuma yaƙi da shi ya daɗe a ƙasar Hausa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗauki wannan aiki. Ta naɗa waɗansu dattijan mata da a ke kira jaji, ta ba kowace malfa, ta koya musu hukunce-hukuncen addini cikin waƙa, su kuma suka kai wa matan ƙauyuka. Su ne a ke kira 'Yan Taru.

A zamanin siyasa Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU, ta yi ta shiga gidaje tana wayar da kan mata, har aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba. Duk da haka matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Daga baya ƙungiyoyi suka fito musamman don wannan aiki. An kafa BAOBAB a 1996, aka kafa WRAPA a 1999. Amfaninsu ya bayyana a shari'ar Amina Lawal, wata talaka daga ƙasar Bakori. A watan Maris 2002 alkali ya yanke mata hukuncin jifa, ba ta da lauya. Ƙungiyoyin nan suka tsaya mata aka ɗaukaka ƙara. Ran 25 ga Satumba 2003 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sake ta, domin alkali ɗaya ne ya zauna maimakon uku, kuma tana da ikon janye ikirarinta. Watau da shari'ar Musulunci kanta aka kuɓutar da ita. Da ba a sami masu sani sun tsaya mata ba, da ranta ya tafi.

A Jihar Kaduna kuwa, bayan rikicin 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta gyara tsarin kotuna a 2001. Aka yi kotun shari'a domin Musulmi, da kotun gargajiya domin masu bin al'adarsu, ga kuma kotun majistare. Saboda haka abu na farko da ya kamata mace a Rido ta sani shi ne ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. A 2018 kuma jihar ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta mai da dukan mace laifi ko da a ɗakin mijinta ne.

To, ga kaɗan daga abin da masu wannan aiki su ke koyarwa. Ga Musulma, sadaki nata ne ita kaɗai. Ci da sha da tufa da wurin kwana suna wuyan miji. In ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumunin dukiya, in babu 'ya'ya tana da rubu'i. In zama ya gagara tana iya neman hul'i gaban alkali. Kowace mace kuma, ko wane addini ta ke bi, tana da ikon ɗaukaka ƙara, wadda ba ta da kuɗin lauya kuwa akwai hukumar gwamnati da aka kafa tun 1976 don ba talakawa lauya kyauta.

Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya iya karanta wannan, ya zama wajibi ya karanta wa matan gidansa da maƙwabta, kamar yadda jajin Nana Asma'u suka yi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.