Aibin Gida Bayan Ciniki: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Aibin gida ko dai na gini ne, kamar tsagewar bango da yoyon rufi, ko na takarda, kamar jinginar banki ko gādon da ba a raba ba.

A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, duba lafiyar gini alhakin mai saye ne. Ba a tilasta wa mai sayarwa ya lissafa lalacewa ba, amma idan ya shafe tsaga da fenti don yaudara, ana iya maka shi kotu. Ɓoyayyen aibin takarda kuwa wajibi ne ya bayyana shi, kuma shi ne mafi haɗari: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati.

Malaman Malikiyya sun dubi girman aibin. Ƙarami ba ya jawo komai, matsakaici yakan sa a rage kuɗi gwargwadonsa. Wanda ya kai a ji tsoron rushewar gidan shi ke ba mai saye damar warware ciniki, muddin bai san da shi ba tun farko.