Gajimaren Orion: Inda sababbin taurari ke samuwa

Masana ilimin sararin samaniya sun daɗe da tabbatar da cewa taurari ba sa'o'in juna ba ne. Wasu sun tsufa har sun mutu, wasu kuwa yanzu ake cikin samuwarsu. Wurin da aka fi nazarin wannan lamari shi ne gajimaren Orion, wanda ke da nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,350 daga duniya.

Haske na gudun kilomita dubu 300 a cikin daƙiƙa guda, wato kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi a shekara. Saboda haka hasken da ido ke gani daga Orion a yau ya baro can ne tun zamanin daular Banu Umayya.

Ba sai da na'ura ake ganinsa ba. Daga watan Disamba zuwa Maris, bayan sallar isha'i, akan ga wasu taurari uku a jere a sama, waɗanda sunayensu, Alnitak da Alnilam da Mintaka, duk daga Larabci aka aro su. A kudu da su akwai wani ɗan gajeren jeri, kuma na tsakiyarsa ya fi kama da ɗigon hayaƙi a kan tauraro. Wannan shi ne gajimaren. A Kano ko Damagaram yakan hau can sama kusa da tsakar ka, sai dai lokacin ya zo daidai da hunturu, kuma hazo kan ɓoye shi dare da dama.

Wani Bafaranshe, Nicolas-Claude Fabri de Peiresc, shi ne na farko da ya bayyana shi ta madubin hangen nesa a 1610, sannan a 1880 Henry Draper na Amurka ya ɗauki hotonsa.

Abin da ke cikin duhu

Abin da ke haske ɗin ɗan yanki ne kawai. A bayansa akwai wani ƙasaitaccen gajimare mai duhu da ake kira Orion A, wanda nauyinsa ya kai na rana kusan sau dubu 100. Gajimaren da ido ke gani tamkar bororo ne da ya fashe a fatar wannan babban.

Irin waɗannan gizagizai ba na ruwa ba ne. Mafi yawansu iskar haidurojin ce, sai hiliyam wadda ta kai kusan rubu'in nauyin, sai kuma ƙura mai laushi kamar hayaƙi, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sanyin cikinsu ya kai digiri 260 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan sanyi, kuma da yake ƙurar na tare hasken taurarin waje, ƙwayoyin zarra na haidurojin kan haɗu biyu-biyu su zauna a haka, abin da ya sa ake kiransu gizagizan molekul.

Ko da yake ana ce musu masu kauri, kaurin nasu na gwadawa da sauran sararin samaniya ne. Gurbin da bai wuce ƙwayar suga mai iyali ba na iya ƙunsar molekul ɗari zuwa dubu, alhali iskar da ɗan Adam ke shaƙa tana da fiye da biliyan sau biliyan goma a gurbi irin wannan. Faɗinsu ne ya tara musu nauyi.

An daɗe ana ɗaukar baƙaƙen tabon da ake gani a tsakanin taurari a matsayin ramuka. William Herschel haka ya zata a ƙarni na 18. Hotunan da Edward Barnard ya ɗauka, da jerin da ya wallafa a 1919, su suka karkata ra'ayi zuwa ga cewa wani abu ne ya tsaya ya tare haske.

To amma gane abin da ke ciki ya yi wuya, domin haidurojin mai sanyi kusan ba ta fitar da wata alama da na'ura za ta kama. Mafita ta zo a 1970, lokacin da Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka juya wata na'urar kama igiyar rediyo da ke Kitt Peak a jihar Arizona zuwa Orion, suka jiyo alamar iskar kabon monoksaid, wato gubar nan da ke fita daga hayaƙin janareto da gawayi. Ba ta da yawa a cikin gajimaren, amma duk inda take akwai haidurojin. Har yau da ita ake zana taswirar waɗannan gizagizai.

Daga curi zuwa tauraro

Ƙarfi biyu ne ke kokawa a cikin gajimare. Akwai ƙarfin janyowa, wanda ke sa abu ya faɗo ƙasa, yana tattaro iskar zuwa ciki. Akwai kuma zafi da hargitsin iskar da maganaɗisun da ke ratsa ta, suna tura ta waje. A 1902 James Jeans na Ingila ya lissafa iyakar da in curin iska ya wuce ta a nauyi, janyowa za ta yi rinjaye. Lissafin ya nuna cewa sanyi ne ke rage wannan iyaka. Ke nan tauraro, duk da tsananin zafinsa, ba ya samuwa sai a wuri mai tsananin sanyi.

Idan curi ya fara rufzawa, tsakiyarsa takan yi zafi. Kuma da yake kowane curi na da ɗan juyi, yana tsukewa juyin na ƙaruwa, kamar dutsen majajjawa in an rage tsawon igiyarsa. Saboda haka iskar ba ta faɗawa kai tsaye. Takan baje ta zama faifai mai kewaya jaririn tauraron, daga faifan ne take malala cikinsa. Wani kaso kuma akan feso shi ta sama da ƙasa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Inda feshin ya bugi iskar da ke kewaye yakan yi haske, kuma ana kiran waɗannan tabo da sunan George Herbig na Amurka da Guillermo Haro na Meziko, waɗanda suka yi nazarinsu a tsakiyar ƙarni na 20.

Duk wannan na faruwa ne a cikin ƙura, ido ba ya gani. Amma hasken infarared, wanda fata ke ji a matsayin ɗumi, yana iya ratsa ta. Da shi ne Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka gano wani babban tauraro da ke binne a bayan Orion, suka ba da labarinsa a 1967.

Tauraro ba ya cika tauraro sai zafin cikinsa ya kai kimanin digiri miliyan 10, inda haidurojin ke fara rikiɗa zuwa hiliyam. Mai girman rana na ɗaukar shekara miliyan 30 zuwa 50 kafin ya kai nan. Curin da bai kai kashi takwas cikin ɗari na nauyin rana ba kuwa ba zai taɓa kamawa sosai ba, sai dai ya yi ta hucewa.

Manya masu ɓarna

Taurari ba su cika samuwa ɗai-ɗai ba. Gungun da ke tsakiyar Orion na da dubbai, akasarinsu ba su wuce shekara miliyan ɗaya zuwa uku ba. In an gwada da rana mai shekara biliyan 4.6, kamar jaririn da bai yi arba'in ba ne a gaban dattijo. Mafi yawansu ƙanana ne da ba su kai rana ba. Amma a tsakiya akwai manya huɗu da ake kira Trapezium, waɗanda Galileo ya ga uku daga cikinsu a 1617. Babbansu ya fi rana nauyi fiye da sau 30, kuma kusan shi kaɗai ne ke haskaka gajimaren baki ɗaya.

Hasken altrabayolet da yake fitarwa yana ƙona iskar da ke kewaye, yana korar ta. A farkon shekarun 1990, Robert O'Dell ya yi amfani da na'urar Hubble ya ga ƙananan taurari da faifansu a kusa da Trapezium, kowanne da jela kamar talibamban, jelar ta ba babban tauraron baya. Faifan ne ke narkewa. An ƙirga irinsu fiye da 150.

Nan ne batun ya shafi ɗan Adam, domin daga irin wannan faifai duniyoyi ke samuwa. A 2014 na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile sun nuna zobba da gibba a faifan wani tauraro, HL Tauri, wanda bai wuce shekara miliyan ɗaya ba, alamar cewa aikin kan fara da wuri. Amma HL Tauri na zaune ne a unguwa mai lafiya, babu manya kusa. A Orion tsere ake yi. Wani bincike da aka yi da na'urar James Webb, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa wani faifai a can na asarar iska daidai nauyin duniyarmu a kowace shekara, abin da zai hana shi samar da ƙatuwar duniya irin Jupita.

Akwai shaidar cewa ita ma rana a irin wannan cunkoso ta taso. A 1976 masana a Kalifoniya sun gano, a cikin dutsen da ya faɗo daga sama a Allende ta Meziko a 1969, ragowar wani nau'in alminiyam wanda rabinsa ke ruɓewa duk bayan shekara dubu 700. Manyan taurari ne aka fi sani da samar da shi. Tun da ba ya daɗewa, masana da yawa na ganin akwai wani babban tauraro a maƙwabta lokacin da faifan rana ke haɗuwa.

Watsewa

Gajimare ba ya juya duk abin da ke cikinsa zuwa taurari. Kaso kaɗan ne, sauran manyan kan watsa shi da haskensu da iskarsu, daga baya kuma da fashewarsu. Shi ya sa galaksinmu, duk da tarin iskar da ke ciki, ba ya samar da abin da ya wuce nauyin rana ɗaya zuwa biyu na sababbin taurari a shekara.

Idan iskar ta tafi, nauyin da ke riƙe da gungun ya tafi ke nan. A 2003 Charles Lada da Elizabeth Lada sun ƙiyasta cewa ƙasa da gungu ɗaya cikin goma ne ke tsira a haɗe. Viktor Ambartsumian na Armeniya ya hango haka tun 1947: ya ce rukunan taurarin da ke warwatsewa ba za su daɗe tare ba, don haka ganinsu a haɗe shaida ce cewa sababbi ne.

Wasu ma korarsu ake yi. Taurarin AE Aurigae da Mu Columbae na gudu a kishiyar juna da fiye da kilomita 100 a daƙiƙa, kuma in aka bi sawunsu baya, sun haɗu a yankin Orion kimanin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Daga cikin gungun da suka tsira akwai Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ido kan ga shida ko bakwai, amma sun haura dubu, shekarunsu kusan miliyan 100, nisansu tafiyar haske ta shekara 440. Ko gungun Orion zai zama kamarta ko zai watse, masana ba su daidaita ba.

Akwai kuma wata muhawarar da James Webb ta tayar a 2023, lokacin da Samuel Pearson da Mark McCaughrean suka sanar da ganin abubuwa sama da 500 masu nauyin duniyoyi suna yawo a Orion ba tare da tauraro ba, kusan 40 daga ciki tagwaye. Lissafin Jeans bai cika ba da damar curi ƙarami haka ba, kuma da wuya a ce an cillo duniya biyu daga gidansu su ci gaba da kewaya juna. Wasu masanan da suka sake duba hasken wasu daga cikinsu na ganin taurari ne na nesa da ƙurar gajimaren ta dusashe.